Idan Wankin Saiwa Bai Kashe Ciwo Ba: Sharhi Kan Tiyatar Bakin Saiwar Haƙori

Akwai mutanen da aka yi wa wankin saiwar haƙori, wato aikin da yawancin marasa lafiya suke kira kashe jijiya, aka cike haƙorin aka ɗora masa hula, suka yi shekara biyu ko uku suna tauna da shi lafiya lau, sai daga bisani wani ɗan ƙurji ya ɓullo a dasashi daidai saitin haƙorin, ya riƙa kumbura yana fashewa yana zubar da mugunya, ya lafa na wani lokaci, ya sake tasowa. Wasu kuwa babu ƙurji babu zafi, sai dai hoton eksire da aka ɗauka saboda wata larura dabam ya nuna baƙin tabo a bakin saiwar, alamar cewa ƙashin muƙamuƙi ya zaizaye a wurin. Duk wanda ya zo wa likitan haƙori da ɗaya daga cikin waɗannan, zaɓi uku ne a gabansu: a sake buɗe haƙorin ta sama a maimaita wankin, ko a bi ta dasashi a yi tiyata a bakin saiwar, ko kuma a cire haƙorin baki ɗaya. Tiyatar nan, wadda likitoci suke kira afisektomi, tana iya ceton haƙorin da aka riga aka fid da rai da shi, amma amfaninta ya rataya ne kacokan a kan sanin dalilin da ya sa aikin farko ya gaza.

A ƙarƙashin farin ɓawon haƙori da ido yake gani akwai wani ƙashi mai ɗan laushi, a tsakiyarsa kuma akwai ɓargo mai ɗauke da jijiyoyin jini da na ji, wanda ya bi ta siririyar hanya har bakin saiwa inda yake haɗuwa da sauran jiki. Idan ruɓewa ta ci haƙori har ta kai ɓargo, ko haƙorin ya karye a faɗuwa ko haɗarin babur, ƙwayoyin bakteriya sukan shiga, ɓargon ya mutu, hanyar ta zama mazauninsu. A shekarar 1965 wasu masu bincike uku a Amurka, Kakehashi da Stanley da Fitzgerald, suka huda haƙoran ɓeraye iri biyu, waɗanda aka raina babu ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu da kuma na gama-gari. Na farkon suka warke duk da cewa ramin a buɗe yake kuma abinci yana cusawa a ciki, na biyun kuwa ɓargonsu ya mutu, ƙurji ya kafu a bakin saiwa. Wannan gwaji shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, domin ya nuna cewa baƙin tabon da ake gani a hoto martanin jiki ne ga ƙwayoyin da suke zaune cikin haƙori. Jiki yana narkar da ƙashin da ke kewaye da bakin saiwar ne domin ya samu filin tara sojojin jini su tare ƙofar, kuma ba zai sake gina ƙashin ba muddin abin da yake yaƙa yana nan.

Wankin saiwa yana nufin kawar da waɗannan ƙwayoyi. Likita yakan buɗe haƙorin ta sama, ya sassaƙe hanyar da siraran magagarai, ya wanke ta da sodiyam haifokulorait, wato sinadarin da ke cikin ruwan bilic amma an tsinka shi, sannan ya cike ta da gata-faca, wani danƙo da ake samu daga ƙaron wata bishiya ta yankin Malesiya, ya rufe saman. Aikin yana yin nasara a mafi yawan lokuta. Masu bincike a Cibiyar Eastman ta Landan da suka tattara nazarce-nazarcen shekaru da dama suka buga sakamakonsu a 2007 sun samu cewa, idan aka yi hukunci da ma'auni mai tsauri, tsakanin kashi 68 da kashi 85 cikin 100 na haƙoran suna warkewa sarai. Ragowar su ne abin da muke magana a kai, kuma ba su da kaɗan idan aka tuna yawan haƙoran da ake yi wa aikin kowace shekara.

Babban abin da yake kawo gazawa shi ne cewa hanyar saiwa ba miƙaƙƙen bututu guda ba ce. Tana lanƙwasa, tana fitar da ƙananan rassa ta gefe, kuma a milimita 3 na ƙarshe takan tarwatse zuwa ƙofofi da yawa waɗanda babu magagarin da zai shiga cikinsu. Idan saiwa ɗaya tana da hanyoyi biyu, sau da yawa akwai siririn lungu a kwance da ya haɗa su, cike da ragowar mataccen nama. Turmi na farko na sama ya yi suna wajen wannan matsala, domin ɗaya daga cikin saiwoyinsa na ɓangaren kunci tana ɗauke da hanya ta biyu a fiye da rabin mutane, kuma ƙofarta ƙarama ce ƙwarai har likitan da yake aiki da ido tsirara yakan wuce ta bai gani ba. A irin waɗannan lunguna ƙwayoyin suke manne wa bango su lulluɓe kansu da wani yauƙi da yake kare su daga ruwan wanki. Wadda aka fi yawan tararwa a haƙoran da wankinsu ya gaza ita ce Enterococcus faecalis, ƙwaya mai jure yunwa na tsawon watanni, mai kuma jure kalsiyam haidroksaid, maganin da likitoci suke sawa cikin haƙori tsakanin zama da zama. Akwai kuma haƙoran da aka wanke da kyau amma aka bar su da cikon wucin gadi wata da watanni, ko hular da aka ɗora musu ta saki, yawu ya riƙa kai sababbin ƙwayoyi ciki ta sama. Wasu masu bincike biyu, Ray da Trope, sun duba hotunan haƙora 1,010 a 1995 suka jawo hankali ga muhimmancin rufin sama, kuma binciken da aka yi bayansu ya tsaya a kan cewa sai an haɗa biyun, cikon saiwa mai kyau da rufi mai kyau, kafin a sa ran ɗorewa.

Waɗannan duka matsaloli ne na cikin haƙori. Akwai wasu, marasa yawa, da suke wajen haƙorin, kuma P. N. R. Nair na Jami'ar Zurik a Suwizalan shi ne ya fi kowa bayyana su. Wasu ƙwayoyi, musamman dangin Actinomyces, suna iya fita su kafa dunƙule a cikin naman da ke bakin saiwa inda ruwan wanki ba ya kaiwa. Gata-faca ko zaren takardar busar da hanya da aka tura suka zarce bakin saiwa suna iya sa jiki ya yi ta faɗa da su shekara da shekaru. Kitsen kolestarol yakan daskare a tsohon rauni ya zama ƙananan duwatsu masu kaifi waɗanda jiki ba ya iya narkarwa. Sai kuma jakar ruwa da takan tsiro cikin ƙashi. A kan wannan ta ƙarshe akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare, wato a kalli babban baƙin tabo mai zagayayyen baki a hoto a ce wa mutum jakar ruwa ce, sai an yanka. Hoto ba ya iya bambance jakar ruwa da kumburarren nama, sai an kai naman ɗakin gwaji. A 1996 Nair da abokan aikinsa suka yayyanka raunuka 256 suka duba su ɗaya bayan ɗaya, suka samu rabinsu kumburarren nama ne, kashi 35 cikin 100 ƙurji ne, kashi 15 kacal ne jakar ruwa, kuma ko a cikin kashi 15 ɗin nan, 6 bakinsu a buɗe yake zuwa hanyar saiwa ta yadda za su iya sacewa idan aka tsabtace hanyar. Kashi 9 ne kawai suka rufe kansu suka zama masu cin gashin kansu. Girman tabo shi kaɗai bai isa hujjar tiyata ba.

Ya kamata a tsaya a nan a ce wani abu game da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, domin a garuruwanmu mai irin wannan ƙurji yakan fara da kemis, ya sayi amoksisilin ko Ampiclox ya haɗa da Flagyl, kumburin ya sauka, ya ɗauka ya rabu da shi. Magani yana tafiya ne ta jini, haƙorin da aka cire wa ɓargo kuwa babu jinin da yake shiga cikinsa, saboda haka ƙwayoyin da ke hanyar saiwa ko ɗigon maganin ba ya isa gare su. Abin da yake mutuwa shi ne waɗanda suka fito waje, tushen yana nan, kuma kowane zagaye na shan magani yana ƙara horar da ƙwayoyin cutar da ke jiki su daina jin sa. Maganin yana da wurinsa idan kumburi ya bazu zuwa fuska ko ƙarƙashin ido ko ƙasan haɓa, ko zazzaɓi ya shigo, ko mutum ya kasa buɗe baki ko haɗiye yawu. Wannan kuwa lamari ne na gaggawa da ake kai wa asibiti a ranar, domin kumburin ƙasan harshe yana iya toshe numfashi.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ko a maimaita wanki ko a yi tiyata, kuma an gwada biyun kafaɗa da kafaɗa. A Jami'ar Gotenbag ta Suwidin, Kvist da Reit sun raba haƙoran gaba da fiƙoƙi 95 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, suka buga sakamakon a 1999. Bayan shekara ɗaya waɗanda aka yi wa tiyata sun fi warkewa, amma da aka kai shekara huɗu bambancin ya ɓace, kuma masu tiyatar sun fi fama da zafi da kumburi a kwanakin farko. Bayan shekara goma wani mai bincike, Mahmoud Torabinejad, da abokan aikinsa suka tattara nazarce-nazarce da yawa suka ga abu mai kama da haka: tsakanin shekara 2 zuwa 4 tiyata tana da kusan kashi 78 cikin 100, maimaita wanki yana da 71, amma tsakanin shekara 4 zuwa 6 sai lissafin ya juye, tiyata ta sauka zuwa 72, maimaita wanki ya hau zuwa 83. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tiyata tana kankare raunin da hannu, don haka hoto yana yin kyau da wuri, amma idan an bar hanyar saiwa cike da ƙwayoyi aka toshe ƙarshenta kawai, a hankali sukan sami wata ƙofar. Yin tiyata a ƙarƙashin hular da take yoyo daidai yake da kwashe ruwa daga ɗaki a damina ba a hau an gyara rufin ba. A ganina duk haƙorin da hoto ya nuna cikonsa gajere ne, ko da rami-rami, ko an tsallake wata hanya, haƙƙinsa a sake buɗe shi ta sama tukuna, ko da hakan yana nufin asarar hular da aka biya kuɗi mai yawa aka sa.

Tiyata tana zama zaɓi mafi dacewa idan hanyar sama ta toshe ko bin ta ya fi haɗari. Misali haƙorin da aka kafa wa dogon turken ƙarfe cikin saiwa domin ya riƙe hula, wanda ƙoƙarin zare shi zai iya tsaga saiwar, ko wanda magagari ya karye a can ƙarshen lanƙwasarsa, ko wanda hanyarsa ta cushe da ƙashi saboda tsufa ko tsohon bugu, ko wanda ciko ya zarce bakin saiwarsa ya zauna cikin ƙashi. Haka kuma haƙorin da aka riga aka maimaita wa wanki da kyau amma raunin ya ƙi rufewa, domin a nan zato ya koma kan dalilan waje. Wani lokaci kuma ana buɗewa ne don a gani da ido, ko don a ɗebi nama a gwada, saboda akwai tsiro, har da cutar daji nadiran, da yake fitowa a hoto da kamar ƙurjin saiwa. Shi ya sa duk naman da aka kankaro ya kamata a aika da shi gwaji maimakon a jefa shi kwandon shara.

Akwai haƙoran da tiyata ba ta yi musu komai sai ɓata kuɗi da ƙashi. Na farkonsu shi ne wanda saiwarsa ta tsage a tsaye, abin da yakan faru ga haƙoran da aka sassaƙe da yawa ko aka kafa musu turke. Alamarsa ita ce wani siririn rami mai zurfi a wuri ɗaya tak a gefen dasashi, da tabon da ya naɗe gefen saiwar a hoto maimakon ya tsaya a bakinta. Tsaga ba ta haɗewa, kuma maganinta cirewa, sai dai idan turmi ne mai saiwa da yawa da za a iya yanke mai tsagar a bar sauran. Haka nan haƙorin da ciwon dasashi ya cinye ƙashin da ke riƙe da shi har yana girgiɗi, ko wanda saiwarsa gajera ce ta yadda rage mata milimita 3 zai bar shi babu madafa. Lafiyar mutum gaba ɗaya ma tana shiga lissafi: mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da wanda aka yi wa gashin cutar daji a muƙamuƙi, da mai karɓar allurar bisfosfonet ta ƙarfafa ƙashi, da mai sikila, kowannensu sai an yi shawara da likitan da yake duba shi kafin a taɓa ƙashi.

Ita kanta tiyatar tsohuwa ce. Carl Partsch, likitan tiyata a birnin Breslau na Jamus ta wancan lokaci, wanda yanzu yake cikin Folan da sunan Wroclaw, shi ne ya tsara ta a shekarun 1890, kuma yankan dasashi mai siffar jinjirin wata har yau da sunansa ake kiran sa. Kusan shekara ɗari ana yin ta da salo ɗaya: a huda rami mai faɗin milimita 8 zuwa 10 a ƙashi, a yanke bakin saiwar a karkace kusan digiri 45 domin likita ya samu ganin fuskar yankan, a ɗan rarake tsakiyarta da bakin injin huda, a cusa amalgam, wato baƙin cikon nan na azurfa da zaiba. Kowane mataki a nan yana da aibi. Yankan karkace yana cin ƙashi da saiwa ta gaba amma ya bar ɓangaren baya, inda sau da yawa hanya ta biyu take ɓoye, kuma yana buɗe dubban ƙananan ƙofofin da ke jikin haƙori. Injin huda ya fi ƙarfin wurin, ba ya iya bin tsawon hanyar, yakan kauce har ya fasa bango. Amalgam kuma yana yoyo, yana tsatsa, wani lokaci ya bar baƙin tabo a dasashi.

A farkon shekarun 1990 ne abubuwa uku suka haɗu suka sauya aikin, kuma sunayen Gary Carr na Kalifoniya da Syngcuk Kim na Jami'ar Fensilbaniya suna gaba a wannan sauyi. Na farko maikiroskof na tiyata mai haske, wanda yake girmama wurin fiye da sau 20. Na biyu ƙananan tsinkaye masu lanƙwasa da suke karkarwa da ƙarfin altirasonik, waɗanda suke shiga ta ƙaramin rami su bi tsawon hanyar saiwa daga ƙasa. Na uku sabon abin ciko. A yau ana farawa da allurar kashe wuri ta lidoken mai ɗauke da adirenalin, wanda yake matse jijiyoyin jini domin wurin ya bushe, tunda ba a iya gani ko ciko cikin jini. Sai a yanka dasashi a ɗaga shi daga ƙashi, a huda rami na milimita 3 zuwa 4 kacal, a kankare ruɓaɓɓen naman, a yanke milimita 3 daga bakin saiwar kusan a miƙe, karkacewar ba ta wuce digiri 10 ba. An zaɓi milimita 3 ne saboda ƙididdigar da Kim da Kratchman suka kawo a 2006 ta nuna cewa wannan tsawon yana tafiya da kashi 98 cikin 100 na ƙananan ƙofofin ƙarshe da kashi 93 na rassan gefe, alhali yanke ƙasa da haka yana barin da yawa daga cikinsu.

Matakin da ya biyo baya shi ne, a wurina, zuciyar aikin, kuma shi ne wanda tsohon salo bai da shi sam. Likita yakan shafa wa fuskar yankan wani shuɗin rini mai suna metilin bulu, ya wanke, sannan ya duba ta da ɗan madubi ƙarami ƙwarai a ƙarƙashin maikiroskof. Rinin yana maƙalewa a duk inda akwai nama ko giɓi, sai hanyar da aka tsallake ta fito fili, lungun da ya haɗa hanyoyi biyu ya fito kamar zare, giɓin da ke tsakanin gata-faca da bango ya bayyana, tsaga ma ta nuna kanta. A wannan lokaci ne ake ganin dalilin gazawar da ido, kuma a nan ne likita mai gaskiya wani lokaci yakan dakata ya gaya wa mara lafiya cewa saiwar a tsage take, ci gaba ba shi da amfani. Idan babu tsaga, sai a rarake hanyar zurfin milimita 3 da tsinken altirasonik, a haɗa da lungun, a busar, a cike.

Abin cikon da ya yi fice shi ne MTA, wanda Mahmoud Torabinejad ya samar a Jami'ar Loma Linda ta Kalifoniya, aka fara bayyana shi a 1993, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998. Asalinsa dangin simintin gini ne da aka tace aka ƙara masa bismut domin ya fito a hoto. Falalarsa ita ce yana daskarewa cikin danshi, ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗin zama kusa da shi, kuma jiki yana karɓar sa har ya shimfiɗa sabon ɓawon saiwa a kansa. Yana da wuyar sarrafawa, yana ɗaukar awoyi kafin ya daskare, yana iya dusasar da launin haƙori, ga tsada, shi ya sa aka fito da ƙannensa irin su Biodentine da wasu masu kama da ƙullu. Amma kada a ɗauka tsofaffin kayan duka sun mutu. A wani gwaji da Chong da abokan aikinsa suka yi a Landan aka buga a 2003, bayan shekara biyu MTA ya samu kashi 92 cikin 100, IRM, wani tsohon abin ciko mai araha, ya samu 87, kuma tazarar ba ta kai wadda za a ce ba dace ba ce. Amalgam ne kawai aka bari a baya.

Alƙaluman da aka fi ambata su ne na Setzer da abokan aikinsa a 2010, waɗanda suka nuna tsohon salo yana nasara a kashi 59 cikin 100, sabon kuwa a kashi 94. Tazara ce babba, amma a karanta ta da hankali, domin nazarce-nazarcen sabon salo ƙwararru ne suka yi su a kan haƙoran da suka zaɓa da kansu, kuma yawancinsu ba a bi su shekaru masu yawa ba. Thomas von Arx na Jami'ar Ban a Suwizalan ya bi haƙora 119 har shekara goma, ya samu kusan kashi 92 sun warke a shekara ta farko, adadin bai motsa sosai ba a ta biyar, amma a ta goma ya sauka zuwa kusan 82. Wannan shi ne adadin da ya fi cancanta a gaya wa mai shekara talatin da yake son sanin makomar haƙorinsa. Akwai kuma kashi na biyu na aikin Setzer, na 2012, wanda ya fi shafar mu: idan aka yi amfani da tsinken altirasonik da ciko na zamani amma babu maikiroskof, sai ido ko tabarau mai girmamawa, nasarar tana kusan kashi 88, kuma a turame ne rashin maikiroskof ya fi nunawa. Ma'anar wannan ita ce mafi yawan ribar tana cikin salon yanka da kayan ciko, waɗanda asibiti mai matsakaicin ƙarfi zai iya mallaka. Wanda aka ce za a yi masa wannan aiki, ko a asibiti mai zaman kansa ko a sashen haƙori na asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Maiduguri inda ake horar da likitocin haƙori, yana da damar ya tambayi me ya sa ba za a maimaita wanki ba, da me za a rarake bakin saiwar, da me kuma za a cike shi. Idan amsar ita ce za a yanke bakin kawai a ɗinke babu ciko, to an bar ƙofar a buɗe.

Wurin da haƙori yake a baki yana sauya nauyin aikin ƙwarai. Haƙoran gaba na sama su ne mafi sauƙi, ƙashinsu siriri ne kuma hannu yana kaiwa. Ƙananan turame na ƙasa suna maƙwabtaka da ƙofar da jijiyar leɓe take fitowa, kuma idan aka matse ta ko aka ja ta leɓen ƙasa da haɓa sukan daina ji na makonni ko watanni, nadiran har abada. Saiwoyin turamen sama suna jingine da kogon iskar da ke cikin ƙashin kunci, ana iya huda shi, ko da yake yawanci yakan rufe da kansa idan ba a bar tarkace ya faɗa ciki ba. Hoton CBCT, mai nuna haƙori ta fuska uku, yana auna waɗannan tazarori kafin a fara, yana kuma nuna raunukan da hoton yau da kullum yake ɓoyewa. Turmi na biyu na ƙasa kuwa ƙashin gefensa yana da kauri sosai, shi ya sa a kansa akan zaɓi wata dabara ta dabam: a cire haƙorin a hankali, a yanke bakin saiwar a cike shi a hannu, a mayar da shi raminsa kafin minti 15 su cika, domin siraran zaruruwan da suke ɗaure saiwa da ƙashi kada su bushe su mutu.

Aikin galibi bai wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, kuma mutum yana komawa gida a ranar. Kumburi yakan kai ƙololuwa a kwana na biyu ko na uku, ana rage shi da ƙanƙara a kunci a ranar farko, zafin kuma farasitamol da ibufurofen suna isar masa. Ana kurkure baki da kuloheksidin maimakon goge wurin da buroshi ko asuwaki, a cire zare cikin kwana 3 zuwa 7, mai shan sigari kuma ya haƙura da ita domin tana jinkirta haɗewar nama. Warkewar dasashi ba ita ce warkewar ƙashi ba. Ana sake ɗaukar hoto bayan shekara ɗaya, a yi hukunci da ma'aunin da Rud da Andreasen da Jensen suka kafa a Denmak a 1972: ko ƙashi ya cike sarai, ko ya warke da tabo, ko ana shakka, ko ya gaza. Warkewa da tabo takan faru idan raunin ya ratsa ƙashi gaba da baya, sai tauri mai kama da jijiya ya cike wurin maimakon ƙashi, ya riƙa fitowa baƙi a hoto alhali babu cuta, kuma likitan da bai san tarihin haƙorin ba yana iya sake yanka lafiyayyen wuri. Wanda ake shakka a kansa ana ci gaba da duba shi har shekara huɗu kafin a yanke hukunci.

Idan tiyatar ta gaza, ana iya maimaita ta, musamman idan ta farkon da tsohon salo aka yi, ko da yake ta biyu ba ta kai ta farko yawan nasara ba. In ba haka ba sai cirewa, a cike giɓin da gada, wato haƙorin da ake ɗaurewa a jikin haƙoran gefe, ko haƙorin sakawa da cirewa, ko dashe, wato turken da ake kafawa cikin ƙashi a ɗora haƙori a kansa. Dashen haƙori yana da ƙarko, amma yana da tsada, ba shi da zaruruwan nan da suke sa mutum ya ji nauyin abin da yake taunawa, yana iya kamuwa da nasa ciwon dasashin, kuma yana buƙatar ƙashi mai kauri da zai riƙe shi. Ramin milimita 10 na tsohon salo, ko tiyata biyu a kan tsagaggiyar saiwa, suna cinye bangon ƙashi na gaba wanda dashen zai dogara da shi, har sai an yi dashen ƙashi tukuna an jira watanni kafin a kafa turken.